Gargaɗi ga masu zuwa Istanbul: kada katin jirginku ya bar hannunku a gaban na'ura

Wannan saƙo ne ga duk mai shirin zuwa Istanbul yawon buɗe ido, musamman wanda bai taɓa taka garin ba. Ni an yi mini, da rana tsaka, ina tsaye ina kallo, kuma har godiya na yi wa wanda ya cuce ni.

Sai na ɗan bayyana yadda zirga-zirgar garin take kafin a gane inda ɓarakar take. Istanbul gari ne na mutum sama da miliyan 15, wani ɓangarensa a Turai, wani a Asiya, mashigin ruwan Bosforus ya raba su. Cunkoson motoci ba a magana, don haka baƙo mai wayo jirgi yake bi. Kati guda ne ake amfani da shi, sunansa Istanbulkart. Da shi za ka shiga bas ɗin hukuma, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da taragon da ke bin kan titi wanda suke ce wa tiram, da jirgin ruwan fito, har da Marmaray, jirgin da tun 2013 yake ratsawa ta ƙarƙashin ruwa daga wannan nahiya zuwa waccan. Direban bas ɗin hukuma ba ya karɓar kuɗi a hannu. Katin ake saya a na'urorin da ke bakin tasha, an rubuta musu Biletmatik, a nan kuma ake zuba masa kuɗi. Ka ɗora katin a mazauninsa, ka zura takardar lira, kuɗin ya hau. Na'urar ba ta ba da canji, duk abin da ka zura kan katin zai tafi.

Katin da baƙo ke saya ba suna, ba hoto. Naka da nawa da na mutum dubu duk kamarsu ɗaya. Ku riƙe wannan, don a kansa aka gina damfarar gaba ɗaya.

Kwananmu biyu a garin, ni da ƙanina. Mun yi azahar a masallacin Sultan Ahmad, muka gangaro tashar tiram ta Sultanahmet, a layin T1, wanda ya taso daga Kabataş ya bi ta Eminönü da Beyazıt da Laleli da Aksaray har Bağcılar. Niyyarmu mu sauka Eminönü mu hau jirgin ruwa zuwa Üsküdar. Katinmu sabo fil, a filin jirgi muka saye shi, kuma shi kaɗai muke amfani da shi mu biyu, tunda an yarda a buga wa mutum fiye da ɗaya da kati guda. Kuɗin ciki ya yi ƙasa, na tsaya in ƙara.

Na zura takardar lira 200, na'ura ta tofo ta. Na juya ta, na sake zurawa, ta sake tofowa. Layi ya fara taruwa a bayana, wani yana tsaki, ga taragon can ya doso. A daidai wannan lokacin ne na ji sallama a kafaɗata.

Mutum ne da zai kai shekara arba'in, fes da shi, da wata igiya a wuya mai ɗauke da wani abu kamar katin shaidar aiki, ga carbi a hannu. Ya ce, "Salamu alaikum, Hajji." Ya haɗa ɗan Larabci da ɗan Turanci ya nuna mini cewa takardar ce ta yamutse. Ya karɓe ta, ya goge ta a gefen na'urar har ta miƙe. Kafin in ankara ya zare katin daga yatsuna, a hankali, irin yadda ɗan'uwa zai karɓar maka kaya. Ya ɗora, ya zura takardar, ta shige. Ya miƙo hannu na ba shi ta biyu, ita ma ta shige. Ya nuna mini allon da ɗan yatsa, na ga adadin ya hau, lira 400 da 'yan kai. Ya ɗauke katin ya miƙo mini. Na ciro ɗan abu in ba shi, ya dafa ƙirji ya girgiza kai, wai don Allah ya yi. Wallahi wannan ƙin karɓar ne ya gama da ni. Na ce wa ƙanina, ka ga mutanen kirki.

Muka buga katin sau biyu a ƙofar tasha, ta buɗe, muka shiga. Ba abin da ya nuna akwai matsala, don ban tsaya na karanta ragowar kuɗin da ƙofar ke nunawa ba, hankalina na kan tarago.

Sai a mashigar jirgin ruwa ta Eminönü. Na buga, ƙofa ta ƙi. Na sake bugawa, ta ce "yetersiz bakiye", wato kuɗi bai isa ba. Ƙanina ya ce, "Yaya, ba yanzun nan aka zuba ɗari huɗu ba?" Ya karɓi katin ya jujjuya shi, ya ce, "Yaya, wannan ai ba namu ba ne." Kusurwoyinsa duk sun cinye, bayansa ya koɗe, kati ne da ya sha aljihu. Namu kwana biyu ne da saye.

Na daɗe ina juya abin a raina, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya nuna mini. Kuɗin sun shiga, allon gaskiya ya faɗa, a kan katina suka hau. Musanyar ta faru ne tsakanin ɗauke katin daga na'ura da miƙo mini shi, abin da bai kai ƙiftawar ido ba, da wani katin da ke ɓoye a tafin hannunsa ƙarƙashin carbin. Kuma ya san aikinsa: bai ba ni fanko ba. Ya bar ɗan abin da zai shigar da mu taragon farko, yadda sai mun yi nisa za mu farga. Ruwa dai ba ya tsami banza.

To me zai yi da katin da ya cika da kuɗina? Amsar na gan ta da idona bayan kwana biyu a Aksaray. Wani matashi ya tsaya kusa da na'ura yana tare baƙi masu jan akwati, yana ce musu na'urar ta lalace, su ba shi kuɗi a hannu shi zai buga musu su wuce. Na'urar kuwa lafiyarta ƙalau, na yi amfani da ita bayan minti biyu. Abin da yake karɓa ya ninka kuɗin shiga, baƙon bai san farashi ba balle ya yi musu. Kun ga kenan an ci wani da musanya, an sayar wa wani abin da aka sata. Wani lokacin ma katin da za a buga maka na rangwame ne, irin na ɗalibai ko tsofaffi mai ɗauke da hoton mai shi, wanda ba a yarda wani ya yi amfani da shi ba. Idan ma'aikaci ya tsayar da ku, mai katin ya san hanyar sulalewa, kai ne za ka tsaya kana inda-inda da yaren da ba ka iya ba.

Akwai kuma mai zuwa da labarin cewa filin jirgi zai wuce, ga katinsa da sauran kuɗi masu yawa, ka ba shi rabi. Wannan gwajinsa ba wuya. Ɗora kati a na'ura kyauta ne, nan take za ta nuna abin da ke ciki. Ka ce ku je a ɗora, za ka ga saurinsa ya ƙaru.

Kada wani ya fahimce ni a baibai, Turkawa mutane ne masu taimakon baƙo. A nan Eminönü ɗin, da muka yi cirko-cirko, wata dattijuwa muka roƙa da hannu, ta buga mana da katinta, da ƙyar ta karɓi kuɗinta. Bambancin shi ne mu muka je gare ta. Shi kuwa wancan shi ya zo gare mu, a daidai lokacin da na'ura ta ba ni kunya, kuma abin da ya fara yi shi ne raba ni da abin da ke hannuna. Kunya ce jarinsa. Mutum ya yi maka sallama, ya kira ka Hajji, ya za a yi ka ce masa sakar mini kati?

Ka faɗa. Ko kuma ka bar shi ya nuna da baki, kai ka ɗora, kai ka zura, kai ka ɗauke. Allon na'urar yana da wurin sauya yare, akwai Turanci. Idan ta tofo takarda, gwada wata, ko ka koma na'urar gefe, ko ka bar na bayanka su wuce, wani taragon na nan tafe cikin 'yan mintuna. Ƙananan takardu sun fi, na 50 ko 100, don ko an yi maka ba za ta yi zafi ba. Akwai kuma ƙananan shagunan jarida da ruwa kusa da tashoshi masu alamar katin, suna zuba kuɗi. Masu tsaron tasha na gaskiya suna sanye da kayan aiki da rubutun Güvenlik, a bakin ƙofa suke tsayawa, ba sa bin mutum su karɓi kuɗinsa. Igiya a wuya kuwa kowa na iya rataya ta. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce, ta ƙorafin hukumar birnin kuma 153.

Sabon katin da muka saya, ƙanina ya sa biro ya zana masa babban gicciye a baya, ya ɗauki hoton lambarsa a waya. Ni kuma na koyi kallon ɗan allon ƙofa duk sanda na buga.

Ranar da za mu bar garin mun sake bi ta Sultanahmet a cikin tarago. Ta taga na hango shi, da igiyarsa da carbinsa, yana goge wa wani magidanci takardar kuɗi a gefen na'ura, matar da yara biyu na tsaye suna murmushi. Ƙanina ya yi ta bubbuga gilashi, ba wanda ya waiwayo, ƙofa ta riga ta rufe. Muka sauka a tasha ta gaba muka yi wa mai tsaro bayani da hannu da fassarar waya. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga rediyonsa ya yi magana, mu kuma muka ja akwatunanmu don kada jirgi ya bar mu.