Gargaɗi ga masu ɗinkin raga: ku guji shagon kayan lokacin kaka da ke cewa zai rufe

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu son aikin allura da ke zaune a Ingila da Amurka da Kanada, da na gida da ke aiko mana mu saya musu. Akwai wani shagon intanet da ke yawo da tallan kayan ɗinkin raga na lokacin kaka: kabewa, ganyen bishiya ja da ruwan goro, zangarniyar alkama, kwandon tuffa. Tallan yana cewa mai shagon wata tsohuwa ce da idonta ya gaji, za ta rufe, an rage wa komai kashi 80 cikin ɗari. Wallahi babu tsohuwa, babu shago. Sun cuce ni, kuma abin da ya fi mini ciwo shi ne ta bakina suka cuci yayata da wata ƙawarmu. Kama sunan shagon ba zai amfane ku ba, domin cikin wata uku na ga ya sake suna sau uku. Kamanninsa zan gaya muku, don su ne ba sa sakewa.

Ga wadda ba ta san aikin ba: yadin kambas ne mai tauri, ramukansa a jere kamar rariya, shi ya sa muke ce masa raga. Da allura mai dakusasshen baki ake bi, ana rufe kowace mahaɗar zare da ulu ko auduga, har ragar ta ɓace gaba ɗaya, hoto ya fito. Iri biyu ne. Akwai ragar da aka zana wa hoton da fenti, ke dai bin launi za ki yi. Akwai kuma ta ƙirge, wadda ke zuwa fara fat tare da takardar zane, ki ƙirga rami ki sa allura. Wata dattijuwa maƙwabciyata a Manchesta ce ta koya mini a hunturuna na farko a nan, lokacin da kewar gida ta dame ni. Hannuna bai yi baƙunta ba, domin kakana a Zariya maɗinkin babbar riga ne, na tashi ina ganin riga ɗaya mai aska takwas tana cin watanni a cinyarsa. Na san abin da aikin hannu ke ci na lokaci da ido, kuma da na tuna da wannan a daren da na ga tallan, da ban danna ba.

A nan kaka takan kama daga Satumba zuwa Nuwamba, bishiyoyi su rine, mutane su sauya matasan kujera da kayan bango zuwa launin lokacin. A Amurka abin ya fi ƙarfi saboda bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a Nuwamba. To amma ɗinkin raga ba ya son gaggawa. Filon kujera mai inci 14 kowane gefe, a ragar da ke da rami 13 a inci ɗaya, ɗinki 33,124 ne. Mai aiki da 'ya'ya sai ta yi wata biyu tana kai. Don haka wadda ke son filonta ya hau kujera a Oktoba, tun Agusta take sayen kaya. Mayaudaran sun san wannan lissafin sarai. A Agusta suke baza talla, su sa agogo a saman shafin yana ƙirga sauran mintoci kafin rangwamen ya ƙare, a ƙasa kuma ana ta rubuta cewa saura uku, saura biyu. Na koma shafin bayan kwana tara, agogon yana nan ya sake farawa, kuma har yanzu saura biyu.

Hoton da ya kama ni na wata kujera ce mai filo uku: ɗaya kabewa, ɗaya ganye, ɗaya mai zanen harshen wuta irin na Bargello, wanda ya samo sunansa daga wasu tsofaffin kujeru da ke gidan tarihi na Bargello a birnin Fulorans na Italiya. An rubuta cewa ragar zanen hannu ce, kambas ɗin na kamfanin Zweigart, zaren na kamfanin DMC. Duka ukun fam 39. Na tura hoton zaurenmu na WhatsApp na ce, “Yaya, ga irin wanda kika ce kina so, an kusa kwashewa.” Kafin gari ya waye ita da ƙawarmu sun biya.

Mako shida babu labari. Lambar bin sawun da suka ba ni tana nuna kaya suna hanya, kullum suna hanya. Ranar da suka iso, wata 'yar leda ce toka-toka da aka cusa ta ramin wasiƙa, an ninke ragar gida huɗu kamar hankici. Mai sayar da raga ta gaskiya naɗe ta take yi ko ta aiko a shimfiɗe, domin karin ninki ba ya fita da sauƙi. Na zauna a teburin kicin na ɗora ma'auni a kai na ƙirga: ta kwance rami 11 a inci, ta tsaye 12, wani wurin ma zaren ya goce. Abin yana santsi a hannu yana ƙyalli, ya fi kama da gidan sauro. Na duba gefe ina neman zaren nan mai ruwan lemo da kamfanin Zweigart na Jamus ke saƙawa a bakin yadinsa, alamar da duk mai wannan aiki ta sani. Babu shi, bakin ma da almakashi aka datse. Hoton kuwa na'ura ce ta watsa shi a kai, ya yi dishi-dishi. A zanen hannu na ƙwarai, mai zanen takan bi mahaɗa ɗaya ɗaya ta ba kowacce launi guda, yadda in kin zo da allura ba za ki yi shakkar zaren da za ki sa ba. A wannan, mahaɗa ɗaya sai ki ga launi uku sun cakuɗe a kanta, gefen kabewar ya narke cikin ganye.

Zaren ne ya sa na zubar da hawaye. Ƙullin DMC na gaskiya mita 8 ne, sili shida, da takardu biyu a ɗaure, lambar launi a jiki: 310 baƙi, 740 da 947 ruwan lemo, duk inda kika saya a duniya launin ɗaya ne. Kamfanin yana Mulus ta Faransa tun 1746, a kan wannan amanar ya daɗe. Abin da suka aiko guntaye ne aka rataya a kwali, an rubuta lambobi da biro. Na jiƙa farin ƙyalle na murza ruwan lemon, nan take ya zuba ya ɓata ƙyallen. Na auna duka zaren, ko rabin filo ɗaya ba zai rufe ba. Allurar ma mai tsini ce ta ɗinkin kaya, alhali ragar rami 13 allura mai dakusasshen baki take so, kamar lamba 20, don kada ta tsaga zare. Na ukun, mai harshen wuta, wanda ya kamata ya zo da takardar ƙirge, shafi ɗaya ne aka buga daga hoton waya, alamominsa ba sa karantuwa, rabin zanen ya yanke a ƙasa.

Ɗana ne ya ce, “Umma, kawo hoton mu bincika.” Ya sa shi a Google Lens, sai ga kujerar nan da filo uku a shafin wata mai zane a Amurka, hotonta ne na ɗakinta, ita ta zana ta ɗinka. Sun yanke gefen da sunanta yake. Raga ɗaya daga cikin ukun a wurinta ta haura dala 100, ban da zare, kuma kuɗin bai yi yawa ba ga wanda ya zauna da ɗan buroshi yana bin dubban mahaɗu. Na rubuta mata. Ta amsa cewa ni ba ta farko ba ce, har akwai masu zuwa suna zaginta suna zaton ita ta cuce su. Kun ga zalunci biyu ke nan, an sace guminta an kuma ɓata mata suna.

Wasu hotunan shagon ma ba na kowa ba ne, kwamfuta ce ta ƙirƙira su. Da na buɗe su sosai sai na gane. A ɗinkin raga na yau da kullum kowane ɗinki gefe ɗaya yake karkata, layi bayan layi kamar ƙwayar masara a jikin goyo. A nasu kuwa zare yana lanƙwasa yadda ya ga dama, wani ya shige cikin wani, kabewar tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Babu allurar da za ta iya wannan.

Da na nemi a mayar mini da kuɗina sai aka shiga wasan jan lokaci. Amsar farko mai daɗi: suna ba da haƙuri, in riƙe kayan su ba ni kashi 10. Na ƙi. Bayan kwana biyar, kashi 15. Bayan mako, kashi 30, ko kuma in mayar da kayan da kuɗina zuwa wani adireshi a wata ƙasa mai nisa, alhali shafin ya ce shagon a wani ƙauyen Ingila yake. Kuɗin aikawar ya kusa kai abin da na biya. Ku lura da wannan da kyau, domin nan ne tarkon na biyu. Kowace hanyar biya tana da wa'adin kai ƙara. Neman banki ya janyo kuɗin kati galibi kwana 120 ne, PayPal kuma kwana 180 daga ranar biya in kaya bai iso ba. Mako shidan jira da makonnin ciniki duk cikin wa'adinki ake cin su. In kuma kika karɓi 'yar kashi 15 ɗin, za su nuna cewa an sasanta. A Birtaniya akwai kariya mai ƙarfi ta sashe na 75 na dokar bashi ta 1974, amma sai kayan da aka saya da katin bashi sun haura fam 100, kuma farashin waɗannan mutane kullum a ƙasa da haka yake.

Ni da kati na biya. Na daina amsa musu, na kira bankina, na tura hoton tallan, hoton abin da ya zo da ma'auni a kai, da ƙyallen da ya rine. Bayan 'yan makonni kuɗina suka dawo, alhamdulillahi. Yaya ba ta yi wannan sa'ar ba. Ita katinta ya ƙi shiga a shafin, sai suka aiko mata saƙo cewa na'urarsu ta sami matsala, ta tura ta PayPal ta hanyar aika wa 'yan'uwa da abokai, za su ƙara mata zare kyauta. Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye ko kaɗan, kyauta ce kika bayar a idon tsarin. Fam 78 ta tura, na ta da na surukarta da ke Kano, wadda ta riga ta ba ta kuɗin da naira. Ko leda ba ta gani ba. Da na je gidanta na ce, “Yaya, ki yafe mini, ni na ja miki.” Ta ce, “Haba ƙanwata, rabonsu ne na wuta suka ci.” Daga aljihunta ta biya surukar, kuma ta ƙi karɓar nawa. Ƙawarmu kuwa ta karɓi kashi 15 ɗin tun kafin mu yi magana.

Bayan na rubuta abin da ya faru a wani zauren masu ɗinki, mutum biyu suka biyo ni ta saƙon sirri, wai su ƙwararru ne wajen ƙwato kuɗin damfara, in ba su fam 20 na buɗe fayil. Kada ku saurare su. Banki ba ya karɓar ko sisi kafin ya bi miki haƙƙinki.

Yanzu kafin in sayi ko ƙulli ɗaya a sabon shago, sai na tambayi mai shi abu uku: rami nawa a inci, wace irin raga ce, wa ya yi zanen. Mai sana'a za ta amsa nan take, rami 13 ko 18, ta faɗi sunan mai zanen da alfahari, ta ɗauko miki hoton ragar kusa da kusa har ki ga fenti a kan kowace mahaɗa. Na gwada wa mayaudaran tambayoyin nan da wani adireshin, amsar da ta zo ita ce kayansu masu inganci ne ƙwarai, in hanzarta. Ina kuma duba ranar da aka yi wa shafin rajista, ana gani kyauta a intanet. Shagon da ya ce ya shekara 30 yana aiki, watansa biyu da buɗewa. In ya ce kamfanin Birtaniya ne, rajistar Companies House a buɗe take ga kowa. Adireshin da suka sa kuwa na duba a taswira, filin ajiye motoci ne.

Wadda kuɗinta bai kai na zanen hannu ba, kada ta ji kunya, yawancinmu haka muke. Ɗinkin ƙirge shi ne sauƙinmu: ki sayi farar raga ta gaskiya da awo, ki sayi takardar zane kai tsaye daga wadda ta zana, ki zaɓi zarenki da idonki. Haka na yi daga baya. Filon harshen wutar yana kan kujerata, launi biyar daga jan barkono zuwa ruwan zuma, na gama shi ganye ya riga ya zube. Na Yaya nake kai yanzu, kabewa ce, ta ce in yi mata irin ta miyar taushe ba irin ta Turawa ba.

Shekaranjiya tallan ya sake fito mini. Sabon suna, sabon launin shafi, tsohuwar ta koma wasu mata biyu 'yan'uwan juna da haya ta fi ƙarfinsu, an ƙara kayan hunturu masu dusar ƙanƙara. A hoto na huɗu ga kujerar nan da filo uku, gefen hagu a yanke daidai inda sunan mai zanen yake. Na kai ƙarar tallan, na aika wa baiwar Allahn a Amurka. Duk wadda ta riga ta biya, ta ɗauki hoton shafin yau ɗin nan kafin su goge shi, ta kira bankinta gobe da safe.