Gargaɗi ga masu motocin gudu: ana sayar da sitabilaizar baya ta jabu

Jama'a masu Toyota 86, Subaru BRZ, Nissan 350Z da ire-irensu, a yi hattara. Akwai wani shafi da ke yawo a Instagram da zaurukan WhatsApp yana tallar sitabilaizar baya, ƙarfen nan da ke haɗa ƙafafun mota na baya don kada ta riƙa kwantawa gefe guda a kwana. Yana cewa kayansa na kamfanonin Whiteline ne da Eibach, kai tsaye daga waje, a farashin da bai kai rabin na ainihi ba. Kama sunan shafin ba shi da amfani, don canza shi yake yi, amma salon ɗaya ne.

Hotunan da yake sakawa daga shafukan kamfanonin ya kwaso su. Ka ce ya yi maka bidiyon kayan a hannunsa, sai ya ce suna sito. Ka ce za ka biya idan sun iso, sai ya ce saura guda ɗaya kuma wani ya riga ya yi magana. Asusun bankin da zai turo kuwa da sunan wani daban yake. Wanda ya tura kuɗi, ko dai a toshe shi, ko a sako masa kaya a motar haya. Ni a ganina wanda aka toshe ya fi sa'a.

Dalili shi ne abin da ke isowa rodi ne aka lanƙwasa, aka yi wa bakinsa walda, aka fesa fenti mai sheƙi. Ta gaske da ƙarfen sifirin ake yin ta, an gasa shi yadda zai murɗe ya koma daidai. Rodi in ya murɗe ya tafi ke nan, ko ya karye a wurin waldar, kuma ba a gareji zai karye ba, a tsakiyar kwana ne kana kan gudu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganarsa cewa wai mafi kauri ita ce mafi kyau, kuma guda ɗaya na shiga kowace mota. Ƙarya ce. Taurin ƙarfen ba ya tafiya daidai da kaurinsa, ninkuwa yake yi sosai. Toyota 86 ta farko ta zo da mai milimita 14 a baya. Ka sa mai 16, tauri ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100. Ka sa mai 18, ya kusa ninka uku. Idan baya ya yi tauri fiye da kima, gaba na riƙe titi amma gindin motar sai ya riƙa zamewa, balle a motar da tayoyin baya ke ja, balle da damina. Shi ya sa masu kyau da yawa ke zuwa da ramuka biyu ko uku a baki na daidaita tauri, ka fara da mai laushi.

Kafin ka fitar da ko kwabo, nemi lambar kayan ka duba ta a shafin kamfanin, ka ga ko ta dace da motarka da shekararta. Ta gaske tana zuwa da bushin nata, wato robar da ke riƙe ta, daidai kaurinta da takardar yadda ake ɗaurawa. Idan kaya sun iso, kai su wurin bakanikenka ya auna kaurin, ya duba bakin ko akwai alamar walda a ƙarƙashin fenti, kafin ya taɓa sifana.

Wanda ya riga ya biya, ya ɗauki hoton hirar da rasidin, ya garzaya bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙorafi ga EFCC. Wanda kuma ya riga ya ɗaura ta, ya cire ya mayar da tsohuwar yau ɗin nan.