Kafin Ka Sayi Ƙaramin Jirgin Ƙasa Na Tebur: Girma, Dogo Da Wayar Wuta

Akwatin farawa da kamfanoni irin su Hornby, Bachmann da Kato ke sayarwa yakan zo da kan jirgi ɗaya, taragu biyu ko uku, dogon da zai yi da'ira, da na'urar ba da wuta. A shimfiɗa, a jona, jirgi ya kama zagaye. Sai dai wanda ya ɗauki akwatin nan ya riga ya ɗaure kansa bai sani ba, domin ya zaɓi girman jiragen da zai ci gaba da saya, da irin dogon da zai ƙara, da irin wutar da za ta tafiyar da su. Duk wanda aka kuskure a ciki, gyaransa sai an sake zuba kuɗi. Don haka awon ɗaki ake fara yi, kallon hotunan jirage ya biyo baya.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda aka rage jirgin gaske sau 87, tazarar ƙarafan dogonsa kuma milimita 16.5. Da shi aka gina mafi yawan Miniatur Wunderland, wurin nunin ƙananan jiragen ƙasa na birnin Hambug a Jamus, wanda aka buɗe a 2001. Ingila kuwa tana da nata, OO, mai ragin sau 76, amma a kan dogo ɗaya da na HO. Dalili shi ne jiragen Ingila na gaske tsukakku ne, injinan lantarki na shekarun 1930 kuma ba sa shiga cikinsu idan an rage su sau 87, sai aka ɗan kumbura gangar jikin aka bar dogon yadda yake. Jirgin OO da na HO za su hau dogo ɗaya lafiya lau, amma idan ka jera su, ido zai gane ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma ƙugiyoyin da ke haɗa taragunsu ba iri ɗaya ba ne.

Sai N, mai dogon milimita 9, wanda a Amurka da Turai ragin sau 160 ne, a Ingila 148, a Japan 150. Akwai Z da kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, ragin sau 220, sai mai kaifin ido da haƙuri. O da G manya ne. G, mai dogon milimita 45, na lambu ne da tsakar gida, kuɗinsa kuma ba na mai farawa ba ne.

Gardamar gaske tsakanin HO ko OO ne da N, kuma kwana, wato lanƙwasar dogo, ce ke raba ta. A OO, dogon Hornby da na Peco Setrack suna da kwana iri huɗu, idan an auna daga tsakiyar da'ira zuwa dogo: milimita 371, 438, 505 da 572. Yawancin kawunan jirgin OO na yanzu an rubuta a kwalinsu cewa ba sa bin ta farko, daga ta 438 suke farawa. Ninka wannan biyu ka ƙara ɗan fili a gefe, ka ga faɗin tebur ya doshi mita ɗaya tun kafin a yi maganar tasha ko gida. Shi ya sa mutane ke ɗaukar fallen filawud sukutum, mai santimita 244 da 122. Nan kuma wata matsala ke jira: hannun mutum ba ya aiki da kyau idan ya wuce santimita 60 zuwa 75. Jingina tebur mai faɗin 122 da bango, ranar da tarago ya sauka daga dogo a can baya, sai ka hau kujera ka kifa ciki a kan gidajen da ka sha wahalar liƙawa. Irin wannan tebur yana son hanya a gefe biyu aƙalla, wato ya cinye ɗaki.

Da'irar farawa ta Kato a N kuwa kusan santimita 134 da 68 take ci, ta zauna a kan fallen ƙyaure. A ganina, wanda ke zaman haya ko yake raba ɗaki da gado da durowa, N ne nasa. HO da OO na mai ɗakin da zai iya rufewa ne, ko wanda idonsa ya fara gajiya, ko mai son ƙananan yara su taɓa, don ɗora ƙafafun tarago na N a kan dogo aiki ne na natsuwa. Akwai kuma hanya ta uku da masu sayen akwati ba sa tunawa da ita: a bar da'ira gaba ɗaya, a yi kanta a jikin bango. Tsarin Inglenook, wasan jera taragu da wani ɗan Birtaniya Alan Wright ya shahara da shi, layuka uku ne gajeru, ɗaya mai cin taragu biyar, biyu masu cin uku-uku. Taragu takwas ake zubawa, a ce ka jera biyar bisa wani tsari, kuma tsare-tsaren da za su iya fitowa sun kai 6,720. Duka-duka tsawon da bai kai mita ɗaya da rabi ba yake buƙata a OO.

Mai sha'awar kwaikwayon tsohon layin Legas zuwa Kano ya san cewa faɗinsa milimita 1,067 ne, ba 1,435 irin na Abuja zuwa Kaduna ba. Idan an rage sau 87, milimita 12 da 'yan kai ke fitowa, wato dogon TT, wani ma'auni da ke tsakanin HO da N, kuma haka masu kwaikwayon jiragen jihar Kwinsilan ta Ostireliya ke yi. Wannan sai hannu ya faɗa tukuna.

Dogo kansa, ƙarfensa za ka fara tambaya. Akwai na baƙin ƙarfe, na farin tagulla irin na da, da na gaurayen jan ƙarfe, nikel da tutiya wanda a kwali ake rubuta nickel silver. Na ƙarshen shi ne abin saya, ba ya tsatsa, yana daɗewa bai dushe ba, dalma kuma tana kama shi. A E-Z Track na Bachmann launin gindin ne shaida: baƙi baƙin ƙarfe ne, ruwan toka shi ne mai kyau. Idan tsohon kaya aka tallata maka, kai maganaɗisu kusa da dogon. In ya manne, bar musu abinsu. Araha ba ta ado, damina ɗaya ta isa ta nuna maka.

Za ka kuma ga lambobi irin 100, 83 da 75. Tsayin ƙarfen ne, 100 na nufin kashi ɗaya cikin goma na inci. Mai 75 ya fi kama da na gaske, amma tsofaffin jiragen Lima ko Tri-ang masu zurfin leɓen ƙafa suna karo da maƙalansa, ka ji suna kakkaɓi. Mai niyyar sayen na hannu ya tsaya a 100. Game da siffa, akwai gutsattsarin da ake haɗawa, akwai mai lanƙwasuwa irin Peco Streamline da ke zuwa da tsawon yadi guda kana yankawa, akwai kuma mai gindin roba irin Unitrack na Kato. Mai lanƙwasuwa ya fi kyan gani da ƙarancin gaɓoɓi, amma yana son abin yanka, zarto mai laushi da hannu mai gwaninta. Unitrack ya fi tsada, sai dai ana kwance shi a mayar da shi akwati sau da yawa bai saki ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai da tebur na dindindin.

Kafin mu shiga wuta, a kiyayi tarko guda: HO na Märklin ba irin na sauran ba ne. Wutar AC, mai sauya alkibla a kai a kai, yake sha ta wasu 'yan ƙusoshi a tsakiyar dogo, ƙafafunsa kuma ba a raba na dama da na hagu ba. Ɗora taragonsa a dogon Peco ko Roco, wuta ta haɗu nan take. Kaya ne mai inganci, amma wanda ya shige shi a cikinsa zai zauna.

Ban da ta Märklin, wuta iri biyu ce: DC da DCC. A DC, ƙarfin wutar dogo kake murɗawa daga sifili zuwa volt 12, jirgi ya ƙara gudu, ka juya ta ya yi baya. Duk jirgin da ke kan dogon umarni ɗaya yake bi, don haka in kana son biyu su yi tafiya daban sai ka raba dogo kashi-kashi, kowane kashi da makunninsa. A DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990, wuta tana kan dogo kullum, wajen volt 12 zuwa 16, saƙo na tafiya a cikinta. Kowane kan jirgi yana da dikoda, wato 'yar na'urar da ke karɓar saƙon, da lambarsa, kamar lambar waya, wanda aka kira shi kaɗai ke amsawa. Fitila, ƙarar inji, usur, duk daga nan suke.

Karanta kwali da kyau. DCC Ready na nufin soket kawai aka sa, dikoda kai za ka saya. DCC Fitted ne ke zuwa da ita. Soket ɗin ma iri-iri ne, mai ƙafa 6, 8, 21, da Next18, sai ka dace da naka. Kuma kada a bar jirgin da ba shi da dikoda yana tsaye a dogon DCC, injinsa zai yi ta tsuwa har ya ƙone. A cikin na'urorin tuƙi na DCC, PowerCab na NCE yana ba da amp 2 (amp shi ne ma'aunin yawan wuta), Zephyr Express na Digitrax amp 3, z21 na Roco kuma da wayar hannu ake tuƙa shi. Kan jirgin HO na zamani ba ya cika wuce rabin amp, saboda haka amp 2 ya ishi tebur na gida. Wanda ya saba da ƙaramin allon lantarki na Arduino zai iya harhaɗa na'urar tuƙi ta DCC-EX da kansa a kuɗi kaɗan. Ni dai shawarata, mai kan jirgi ɗaya ko biyu ya fara da DC, amma kawunan da zai saya su zama masu soket, wayar ƙarƙashin tebur kuma ya ja ta kamar DCC zai yi.

Ga abin da nake nufi. 'Yan tallan DCC suna cewa waya biyu kawai ake buƙata. Gaskiya ne a mako na farko. 'Yan ƙarafan da ke haɗa gutsuren dogo da ɗan'uwansa suna saki, datti ya shiga, sai ka ga jirgi yana gudu kusa da inda waya ta shiga, ya je can nesa yana jan ciki. Maganin shi ne manyan wayoyi biyu, ja da baƙa, masu kaurin murabba'in milimita 1.5 zuwa 2.5, su bi ƙarƙashin dogo daga farko har ƙarshe. Irin wayar wutar gida ce mai silli-silli, duk shagon kayan lantarki akwai ta, ba sai an yi odarta ba. Daga nan sai siraran wayoyi na rabin milimita su hau ta ƙaramin rami, a liƙa su da dalma a gefen ƙarfen dogo ta waje, kowace mita ɗaya, ko ma kowane gutsure. A goge wurin, a shafa dalma a wayar da a ƙarfen daban-daban, sannan a haɗa da taɓawar daƙiƙa biyu. In ka daɗe, robar ƙasa ta narke, dogo ya buɗe. Ja a ƙarfen waje, baƙa a na ciki, kada a saɓa ko sau ɗaya. Idan an gama, ka je wuri mafi nisa ka gitta sukundireba a kan ƙarafan biyu. Na'urar DCC ta yanke wuta nan take. In ta yi jinkiri, wayarka ta yi sirara ko wani liƙi bai kama ba, kuma irin wannan ne ke narkar da roba ranar da tarago ya faɗi.

Mararraba, wato wurin da dogo ke rabuwa biyu, ita ce inda jirage suka fi tsayawa. Wurin da ƙarafa biyu suka haɗu suka yi tsini, a mararrabar Peco samfurin Insulfrog roba ne: ba ruwanka da ƙarin waya, amma ƙaramin kan jirgi mai ƙafa huɗu yakan mutu a kai idan yana tafiya a hankali. A Electrofrog ƙarfe ne, tafiya sumul, da sharaɗin a sa mahaɗin roba a ƙarafan ciki biyu bayan tsinin. Unifrog ana amfani da shi kai tsaye, a ba tsinin wuta daga baya in an so, kuma shi zan nuna wa mai farawa. Layin da ya zagaya ya komo kan kansa yana haɗa ja da baƙa, dole a yanke shi ta gefe biyu a sa makunni mai juya wuta, ko na'urar da ke juyawa da kanta a DCC. Injin juya mararraba kuwa, mai bugun maganaɗisu ya fi araha amma yana ƙonewa in aka danne makunni, wanda ake kira Tortoise na tafiya a hankali kuma yana son zurfin santimita 8 a ƙarƙashi. Idan mararrabar ba ta wuce huɗu ba kuma hannu na kaiwa, yatsa ya wadatar.

Wanda zai yi odar kayan nan zuwa Najeriya ko Nijar ya dubi bayan taransifoma kafin ya biya. Na Amurka volt 120 yake sha, na Japan 100, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. In ba a rubuta 100 zuwa 240 a jiki ba, jonawa ɗaya zai yi hayaƙi. Filogin Ingila mai ƙafa uku ya dace da soket ɗin Najeriya, na Turai mai ƙafa biyu da na Nijar. Wutar gida kuma ta tsaya a bango, kada a ja ta ƙarƙashin tebur.

Tebur ɗin filawud mai kaurin milimita 9 a kan firam ya isa, a shafe shi da fenti ciki da waje. Katakon da aka shimfiɗa wa dogo da damina yana tsukewa idan hunturu ya shigo, ƙarfe ya rasa inda zai je ya lanƙwashe, don haka a bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya a gaɓoɓi. Ƙurar hunturu kuwa tana hana ƙafa taɓa wuta, sai a tanadi mayafin rufewa da tsumma da sinadarin isopropyl na goge dogo. Takardar yashi tana barin ƙarce da ke tara datti. A odar farko ka haɗa da fakiti biyu na mahaɗan ƙarfe da ɗaya na roba fiye da lissafinka, domin kuɗin aiko su kaɗai daga baya ya ninka kuɗinsu.