Manhajar gane tsirrai ta waya: ra'ayina kan 'ya'yan itatuwan daji

Jama'a wannan manhajar da ake ta yayatawa, wadda za ka ɗauki hoton ganye ko ɗan itace ta faɗa maka sunansa, na gwada ta kuma gaskiya tana da amfani amma ba a kan abin da za a kai baki ba. Ba zan kama sunanta ba.

Aduwa, magarya, goruba, kanya, duk ta gane su, musamman in ka haɗa da ganyen a hoton. Sai dai sunan Latin da Turanci take bayarwa, babu Hausa ko kaɗan, kuma tana cin data, a dajin da babu sabis kuwa sai dai ka ajiye hoton har ka dawo gari.

Inda hankalina ya tashi shi ne gautan kura. Na nuna mata ɗanye, ta ce dangin gauta ne, eh hakan ne, amma ba ta yi wani gargaɗi mai ƙarfi ba, alhali wanda ya taso a ƙauye ya san ba a cinsa, ga ƙaya a jikin bishiyar, ga ɗaci, in ya nuna ya koma rawaya. Yaron birni da ya ga kalmar gauta ai sai ya kai baki kawai. Haka bini da zugu da ake shinge da shi, ƙwayarsa tana da ɗanɗano kamar gyaɗa shi ya sa yara ke ci, daga nan sai amai da gudawa, wani sai an kwantar da shi asibiti. Idon zakara kuwa, jan nan mai ɗigon baƙi, ta gane shi nan take ta kuma rubuta guba ne, a nan na yaba mata, don tauna shi na iya kisa. Zaƙami ma ta kama shi daidai.

Kuma don Allah a daina cewa tunda tsuntsu ko akuya ta ci to mutum ma zai iya ci, cikinmu ba ɗaya ba ne.

Malaman makaranta da masu son sanin sunayen itatuwa su sauke ta, za su ƙaru. Ni dai ko me ta ce sai na nuna wa makiyayi ko tsohuwar da ke sayar da ɗinya da 'ya'yan tsada a kasuwa kafin yarana su taɓa. Tauraro uku na ba ta cikin biyar, in sun saka sunayen Hausa da jan gargaɗi babba a kan masu guba zan ƙara.