Kafin ka sauke tsohuwar Marsandi: wane rasor za ka saya?

Marsandi W123, wadda aka fara ƙerawa a 1976, da ƙanwarta 190 ta 1982, suna da kyau idan sun ɗan kwanta ƙasa. Amma Yamai ba duka ce gudro ba. Akwai rairayin unguwanni, akwai tudun rage gudu, ga ruwan Agusta da ke kwanciya a kan hanya. Ra'ayinmu shi ne kada a sauke mota fiye da milimita 30 zuwa 35.

Ka fara da awo. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, duka huɗun, ka rubuta. Motar da ta shekara arba'in tana ɗaukar kaya, sau da yawa bayanta ya riga ya zauna, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya.

Hanya mafi araha ita ce canza robar da ke zaune a kan rasor, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota. Marsandi ta yi ta kauri-kauri: ta gaba akwai milimita 8, 13, 18 da 23, ana gane su da ƴan ƙulleyen da ke bakinta, ɗaya zuwa huɗu. Idan taka mai huɗu ce ka koma mai ɗaya, gaba zai sauka fiye da milimita 15 ɗin da ka rage, domin rasor yana tsakiyar hannun ƙarfen da ke riƙe ƙafa ne, ba a bakin ƙafa ba. Laushin motar bai canza ba. Ga mai zuwa Tawa ta Doso da Ƙonni, wannan ya wadatar.

Sai rasor na musamman, irin na H&R ko Eibach, masu sauke mota kamar milimita 30 zuwa 40. Sun fi gajarta kuma sun fi tauri, don kada mota ta riƙa dukan ƙasa. A nan ake yawan kuskure. Injin gazuwal na 300D ya fi na esansi na 200 nauyi. Ka sa rasor ɗin mai sauƙi a ƙarƙashin mai nauyi, hanci ya nutse, tudu na farko ya sami kaskon mai. Ka ba mai sayarwa lambar shasi da irin injin, ka duba lambar da aka buga a jikin rasor. Kuma kada ka haɗa sabon rasor da amortisar da ya gaji; idan saukar ta yi yawa, gajere ake nema, kamar Bilstein B8. Mai dogon baya ta W123 kuwa bayanta da mai yake daidaita tsayinsa, a bar shi yadda yake.

Tsohon rasor da ake samu a kasuwar Katako sai an yi hattara: ka jera biyun a ƙasa, tsayinsu ya zo ɗaya, babu tsatsa mai rami.

Yanka rasor da injin yanka, ko gasa shi da wutar walda, ba mu yarda da su ba. Wuta tana kashe ƙarfen, ya ci gaba da zama har ya karye. Yanka kuma ba ya komawa.

Wajen sakawa, rasor na gaban Marsandi dogo ne, a matse yake ƙwarai. Da matsi na musamman mai shiga ta cikinsa ake cire shi. Mai ƙugiya ta waje yana iya suɓucewa ya raunata makanike. A ɗaure kusoshin hannuwa bayan mota ta tsaya a kan ƙafafunta, in ba haka ba robobin su murɗe su yage. Bayan kwana kaɗan a je a daidaita ƙafafu. Ka riƙa leƙa tayoyin baya ta ciki, don saukar tana karkatar da su, can suke fara cinyewa.