Man Ballistol a jikin bindigar mahaifina, bayan damina uku a Jos

Bindigar da zan yi magana a kanta mai baki ɗaya ce, ƙirar Rasha, samfurin IZh-18 da aka fara ƙerawa a birnin Izhevsk a 1964, irin wadda ake karyawa a tsakiya a saka harsashi guda, idan an harba a sake karyawa a zare kwanso. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya riƙe ta shekaru masu yawa yana korar birai daga masararsa a gonarmu da ke gaba da Mista Ali a kan hanyar Zariya, kuma da kaka yakan dawo gida da zabin daji ko makwarwa. Bayan rasuwarsa na bi matakan da doka ta tanada har takardar izini ta koma sunana, domin Dokar Makamai ta 1959 ba ta san gado ba a wannan sha'ani. Irin wannan bindiga sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuwa sai da na Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Harsashi ya yi tsada ƙwarai, samunsa ta halastacciyar hanya kuma ba sauƙi. Mutane da dama sun ba ni shawara in riƙa tara kwanso ina sake ɗurawa, suna kafa hujja da maharban Amurka waɗanda suke yin hakan a gidajensu da injin matsi da ma'aunin albarushi. A can dokarsu ta yarda, a nan kuwa dokar da na ambata ta hana haɗa harsashi a wajen wuraren da gwamnati ta amince da su, kuma ko da ba ta hana ba, ba zan kara fuskata da harsashin da aka auna albarushinsa da ido ba. Saboda haka 'yan ƙwayoyin da nake harbawa a shekara ba su taka kara sun karya ba, bindigar ta fi daɗewa a kulle cikin akwati fiye da a kafaɗa. To bindigar da take kwana a akwati wata goma cikin goma sha biyu, a gari irin Jos, ba harbi ne yake cinye ta ba, laima ce.

Wanda bai zauna a Jos da damina ba zai ɗauka sanyin garin alheri ne ga ƙarfe. Garin yana kan tudu da ya kai kusan mita 1,200, ruwa yana sauka tun daga Afrilu har Oktoba, kuma idan marka ta kankama a Yuli da Agusta sai a yi kwanaki ba a ga rana sosai ba, takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, ashana ta ƙi kamawa. A daminar farko da bindigar ta zama tawa na shafa mata man keken ɗinki kamar yadda na ga ana yi, na nannaɗe ta da tsohon bargo na rufe. Da na buɗe a watan Satumba sai na tarar da shatin yatsuna huɗu a jikin bututun, daidai inda na riƙe ta ranar da na ajiye, ja wur kamar an ɗiga manja. Zufar hannuna ce ta zauna a wurin, bargon kuma ya tsotsi danshi ya riƙe shi a jikin ƙarfe. Na daɗe ina kallon wannan shati, domin duk tsawon shekarun da ta yi a hannun mahaifina ban taɓa ganin tabo ko ɗaya a jikinta ba.

Wannan ne ya sa a farkon 2022 na yi odar gwangwanin Ballistol na ruwa, mai mililita 500, ta hannun wani ɗan kasuwa a Abuja da ke shigo da kayan masu yawon daji, aka sako mini shi a mota na karɓa a tasha. Man ƙirar Jamus ne, kamfanin F.W. Klever ne ya fito da shi a 1904, lokacin da rundunar sojan Jamus take neman mai guda ɗaya da soja zai kula da ƙarfen bindigarsa da katakonta da kayan fatarsa da shi. Tushensa farin mai ne tatacce irin wanda ake amfani da shi a harkar magunguna, an haɗa shi da wasu sinadarai, kuma abubuwa biyu ne suka bambanta shi da man da muka saba da shi. Na farko, yana da ɗan kaifi irin na kanwa, wanda yake kashe tsamin zufar hannu kafin ta ci ƙarfe. Na biyu, ba ya gudun ruwa. Idan suka haɗu sai ya gauraye da shi ya koma fari kamar madara, ya bi danshin har cikin lungun da tsumma ba ya kaiwa.

Aikin farko da na ba shi shi ne wancan shatin yatsu. Na jiƙa wurin da man na bar shi ya kwana, washegari na goge da tsumman auduga mai kauri, tsumman ya fito ja, na maimaita har sau uku. Tsatsar ta tafi gaba ɗaya, sai dai ɗan dishi-dishi a inda ta riga ta cinye baƙin launin ƙarfen, wanda babu man da zai mayar da shi. Cikin bututun bai ba ni wahala ba, domin an dalaye shi da wani farin ƙarfe mai jure tsatsa tun daga masana'anta, abin da yake taruwa a ciki kawai toka ce da ɗan shafin dalma da na roba kusa da inda harsashi yake zama. Nakan jiƙa shi in bari kamar minti goma sha biyar, in bi da burushi daga baya zuwa gaba, sannan in yi ta tura tsumma har sai ya fito fari. Inda man ya fi burge ni shi ne mahaɗar da bindigar take karyewa da kuma ƙaramin ƙarfen da yake ɗago kwanso. Wuraren nan biyu sun cushe da tsohon mai wanda ya daskare ya zama kamar ƙaro, har sai an sa ƙarfi kafin ta buɗe. Bayan na wanke su da wannan man, damina uku ke nan ban sake jin ta cije ba, ko a asubar hunturu ta watan Janairu da sanyi yake sa yatsa ya ƙage.

Da yake ban cika yarda da abin da aka rubuta a jikin gwangwani ba sai na gani, a wani watan Agusta na yanki tsohuwar adda gida uku, na kankare kowane yanki har ya yi haske. Ɗaya na shafa masa man keken ɗinki, ɗaya Ballistol, na ukun kuma giris, na jera su a kan katanga ƙarƙashin indararo inda feshin ruwa yake taɓa su. Kafin mako ya zagayo na man keken ya fara ja. Na Ballistol ya kai mako na uku tas, sai bayan wani ruwa da aka kwana ana yi na ga ɗigo-ɗigo a gefen da ya fi fuskantar feshi. Na giris bai canza ba har na kwashe su. Abin da na fahimta shi ne halin nan na gauraya da ruwa, wanda ya sa man yake zaƙulo danshi daga lungu, shi ne kuma yake sa ruwa mai yawa ya wanke shi, don haka wurin aikinsa shi ne wanki da kulawar yau da kullum. Tun daga lokacin, idan ruwa ya dake ni a gona nakan goge bindigar in sake shafawa a daren, idan kuma zan rufe ta tsawon damina nakan bi bayan man da giris kaɗan a wajen bututun, in duba ta duk bayan mako uku. Bargon kuwa na raba ta da shi.

Katakon gindinta ya sha man sosai, busasshen wurin da hunturu ya fara tsattsagawa ya koma sumul, haka ma maratayin fatar da mahaifina ya sa wani baduku ya ɗinka mata ya yi laushi bayan ya bushe kamar ƙirgi. Sai dai ya kamata a kiyaye, mai ko wane iri ne idan ya yi yawa yakan gangara ya jiƙa katako a inda ya haɗu da ƙarfe har ya ruɓar da shi, shi ya sa nake jingine ta baki ƙasa bayan na shafa. Haka nan ba a barin mai ya taɓa harsashi, kuma kafin a fita dole a tura busasshen tsumma a share cikin bututun. Warinsa yana da ƙarfi, ba irin na man inji ba, ya fi kama da na ɗakin magani, don haka a tsakar gida nake aikin, bayan na karya bindigar na leƙa na tabbatar babu komai a ciki, yara kuma suna makaranta.

Abin da ya ɓata mini rai a cinikin ba man ba ne, kayan wankin da ɗan kasuwar ya haɗo mini da su ne, waɗanda ba su da ko sunan kamfani. Sandar gorar ruwa ce mai gaɓa uku, a amfani na biyu zaren gaɓa ɗaya ya cinye ta rabu a cikin bututu, burushin kuma na ƙaramar bindiga ne, yana yawo a cikin bututun tawa mai faɗin lamba 12 ba ya taɓa bango. Araha ba ta ado. Na koma ga abin da mahaifina yake yi, igiya mai ƙarfi da ɗan nauyi a baki ɗaya da tsumma a ɗayan, daga baya na samu burushin tagulla daidai girman bututun.

Gwajin da ya fi zauna mini a rai a hannun wani dattijo maharbi aka yi shi, abokin mahaifina, wanda har yanzu adakarsa yake riƙewa. Tokar baƙin albarushi tana da gishiri mai janyo danshi, mai kaɗai ba ya narkar da ita, shi ya sa masu adaka suke wanke ta da ruwan zafi sannan su bi da man kaɗe ko man gyaɗa, wanda idan ya daɗe yakan yi ɗanko. Na zuba masa man kaɗan a kofin ruwa, yana kallo ya rikiɗe ya zama fari. Ya ce, “Ɗana, mai da ruwa ai ba sa zama ƙwarya ɗaya, wannan kuma wane iri ne?” Na ce, “Baba, a gwada a gani.” Ya jiƙa tsumma ya tura da sandar ɗuri, ya zaro shi baƙi ƙirin, ya canza wani, har na biyar ya fito da ɗan toka-toka kawai. Bai ce komai ba, sai ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar kwalbar turare da ta ƙare ya miƙo mini in cika masa.

Kuɗinsa ya ninka na man keken ɗinki sau da yawa, kuma ba a samunsa a kasuwar Taminus ko ta Farin Gada, sai an yi oda an jira. Amma ɗigo kaɗan ne yake isar bindiga guda, kuma duk da abin da na tsiyaya wa Baba sau biyu, da wanda ya tafi a kan almakashin gida da makullin ƙofar gona, gwangwanin bai kai rabi ba tukuna. Wanda yake da bindiga ɗaya tak, ƙaramar kwalba mai mililita 50 za ta kai shi shekara, kuma ita zan ba shi shawara ya fara saya, ya haɗa da ƙaramin gwangwanin giris saboda watan Agusta.