Kafin Ka Sayi Sabuwar Kwamfutar Tebur: Windows, Mac Ko Linux?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro da ya saba turawa. Kwamfutar da ke kanta za ta ci gaba da aiki, sai dai duk ɓarakar da aka gano daga baya babu mai toshe ta, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: sai na'ura tana da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta (processor) ta kasance Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Kwamfutoci da yawa masu lafiya ƙalau sun faɗi wannan jarrabawa, shi ya sa masu su ke neman mafita.

Shawarata ita ce kada ka fara da kallon kwamfuta. Ɗauki takarda ka rubuta manhajojin da aikinka ba ya tafiya sai da su, har da firinta da sikana da kake haɗawa. Wannan takardar ce za ta zaɓa maka babbar manhajar da za ta tafiyar da na'urar.

Idan a cikin jerin akwai manhajar lissafin kuɗi ta ofis, ko wasannin kwamfuta masu nauyi, to zauna a Windows 11, domin ita ce kusan kowane kamfani ke yi wa manhaja. Abin da ke damuna da ita shi ne yadda take matsa wa mutum ya buɗe asusun Microsoft tun wajen kunnawar farko.

Mac na Apple ya dace da mai tace bidiyo ko sauti, da kuma wanda ke riƙe da iPhone. Tun 2020 kamfanin ya koma ƙera ƙwaƙwalwar kwamfutocinsa da kansa, kuma Mac mini mai ƙwaƙwalwar M4 da ya fito a 2024 ƙarami ne, ba ya ƙara, ba ya shan wuta sosai. Amma RAM ɗinsa, wato ma'adanar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, a manne yake. Abin da ka saya da shi, da shi za ka zauna har ka rabu da na'urar, don haka a ranar saye ake yanke wannan hukunci.

Linux ce na fi so mutane su ba ta dama, musamman wanda tsohuwar kwamfutarsa ba ta gaji ba. Kyauta ce, kuma ba ta neman TPM. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, na fitar da zubi mai dogon wa'adi duk bayan shekara 2, tana kula da shi shekara 5, Linux Mint kuma fuskarta ba ta yi nisa da Windows ba. Ba sai ka yi cinikin biri a sama ba: za ka iya ɗora ta a filasha, ka kunna kwamfutar daga nan, ka gwada intanet da firinta da sauti ba tare da ka goge komai ba. Inda take da rauni shi ne Photoshop da Microsoft Office ba su da zubin Linux. LibreOffice, madadin Office da ke aiki a Linux, na buɗe takardun Word da Excel, amma takarda mai tsari da yawa takan ɗan karkace. Ga mai rubutu da Hausa, Windows da Linux duka suna da tsarin allon rubutu mai ɓ, ɗ da ƙ.

Game da jikin na'urar, RAM 16GB da ma'adanar SSD mai aƙalla 512GB su ne ma'auni. Kada ka yarda da kwamfutar da babbar manhajarta ke kan tsohon faifai mai juyawa, komai sauƙin kuɗinta. Mai babban akwati ta fi cin wuri, amma ana buɗe ta a ƙara RAM ko katin hoto. Wadda aka haɗa allo da inji wuri ɗaya tana da kyan gani, sai dai ranar da allon ya lalace, duka aikin ne ya tsaya.

Wajen ƙaura, kwafi fayilolinka a faifai na waje kafin komai. Idan Mac za ka koma, tsara faifan da tsarin exFAT, domin Mac na karanta NTFS, tsarin faifan Windows, amma ba ya rubutu a kai. Fitar da kalmomin sirrin da burauza ta adana, ka nemo lambobin lasisin manhajojin da ka saya. Ka bar tsohuwar kwamfutar a ajiye na wasu makonni har ka tabbatar babu abin da ka manta, sannan ka goge faifanta gaba ɗaya kafin ka sayar ko ka bayar.